Wuta Iri Biyu

Ƙanina yana da shagon buga takardu a Gwarzo kafin ya rasu. A tsohuwar kwamfutarsa ya ɗauki muryar Inna tana lissafa kakanninmu da wuraren da suka yi kiwo kafin su zauna a Durun. Inna ta riga shi tafiya. Da aka rufe shagon na kawo kwamfutar gida, na ɗora ta a kan buhunan dawa don kada danshi ya taɓa ta. Ta yi shekaru a nan.

Da na fara haɗa baƙi a ajin yaƙi da jahilci, sai na so in saurari Inna in rubuta sunayen, domin kaɗan na riƙe. Na ɗaure kwamfutar a babur na kai wa wani mai gyaran rediyo a Kabo.

Yana buɗe ta kashin ɓera ya zubo.

"Baba, ajiya ka yi ko masauki ka buɗe musu?"

Sun cinye wayoyi, akwatin da ke raba wuta ya mutu. Ya ciro wani ƙarfe mai faɗin tafin hannu, ya ce faifan ajiya ke nan, muryar tana ciki.

"Ɗan gata ne. Wuta biyu yake ci, babba ta juya shi, ƙarama ta tashi ƙwaƙwalwarsa."

Na jira har bayan girbi kafin a samo wani akwatin daga Kano. Da ya zo, bakin wayarsa bai shiga tsohon faifan ba. Mai gyara ya yanke bakin da reza, ya feƙe wayoyin da haƙori yadda yake yi wa rediyo.

"Malam, ka tabbata?"

"Haba Baba! Ko a batirin mota, jar waya ita ce babba."

A kwamfuta ashe ruwan ɗorawa ce babba. Ya haɗa jar wayar a gurbin babbar wuta, ya kunna. Wani abu ya yi ƙas, siririn hayaƙi ya fito, warin ƙonanniyar roba ya cika shagon. Ya fizge wayar, ya zauna yana salati.

Na tambaye shi ko muryar ta ƙone.

Bai ɗago kai ba. Ya ce tana nan ciki, ɗan allon lantarki na jikin faifan da ke karanto ta ne ya ƙone, kuma an daina ƙera irinsa tun yana makaranta.