Farin da Inna Take Nema

A shekarun da aka fara shari'a a jiharmu, ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu a cikin garin Daura, gidanmu ba nisa da rijiyar Kusugu. Kafin aure na taɓa yin shekara ɗaya da 'yan watanni ina miƙa magani a wani kemis, kuma wannan ɗan zaman shi ya kumbura mini kai. Dangi suna tsokanata da Likita, ni kuwa har cikin raina na yarda ni ɗin ce. Ina da wata tsohuwar jakar Makka da ba na tafiya sai da ita. A ciki akwai farasitamol, maganin zazzaɓin cizon sauro, maganin gudawa, man zafi, aidin, auduga, bandeji, filasta da ɗan almakashi. Ko biki za a je ƙauye sai na zazzage ta na sake jerawa ina taƙama. Wallahi a lokacin ba mai gaya mini magana a kan magani in saurara.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana da ciwon suga. Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta faɗin sunana, ba ta kuma jayayya da ni. In na faɗi abu sai ta kau da kai ta yi shiru, ni kuma in ɗauka ta yarda. Tun da aka gano ciwon na zame mata ɗan sanda. Na hana ta koko mai zaƙi, na hana ta dabino, har kalmar suga na hana a faɗa a ɗakinta. Sai ta koma kiransa fari, tana ce wa jikokinta su ɗebo mata ɗan fari kada Likita ta ji. Wata rana ta faɗa mini cikin sanyin murya cewa malamar asibiti ta ce ta riƙa ƙulla ƙwaya uku na suga a haɓar zane, saboda wani lokaci maganin kan yi ƙarfi. Na yi dariya na ce Inna ke nan, kwaɗayi har da jingina shi ga malamar asibiti! Yaushe mai ciwon suga zai yi guzurin suga? Ta kau da kai, ba ta sake tayar da zancen ba.

Cikin bazara aka aiko mana cewa yayarta ta rasu a wani ƙauye gaba da Baure. Da asuba na shiga haɗa jakata, na ƙara maganin sugan Inna da na hawan jininta. Na ga ƙullin gishiri da suga da ake jiƙa wa mai gudawa, na fitar da shi na ajiye, wai kada idonta ya kai kansa. Da za mu fita na hango ƙulli a haɓar zanenta. Na kama na kwance, ga ƙwaya uku farare tas. Raina ya ɓaci, na yi mata faɗa kamar ni na haife ta, na jefa su a aljihun gefen jakar na zuge. Na ba ta ƙwayar maganinta ta haɗiya da ruwa. Ta ce ko za ta ɗan sa wani abu a cikinta, na ce mota za ta tafi ta bar mu, ai in mun isa ma ci.

Bas ɗin ta cika, mata a baya maza a gaba kamar yadda aka koma yi a lokacin. Mun wuce Baure mun sauka daga kwalta, rana ta take tsaka, sai motar ta yi wata irin ƙara ta mutu. Direba ya leƙa ƙarƙashinta, ya tari mai babur ya koma gari neman bakanike. Wurin fili ne fetal, gonaki duk an share, ba gida ba rijiya, inuwa ɗaya ce tak, ta wata ƙatuwar tsamiya. Wata dattijuwa a cikinmu ta ce ita dai ba ta zama gindin tsamiya da tsakar rana, amma zafi ya fi ƙarfinta ta biyo mu. Ban taɓa jin shiru irin na wurin nan ba. Ko kukan tsuntsu babu, iska ba ta motsi, ganyen bishiyar kamar an zana shi.

Can na ga Inna ta jiƙe sharkaf da gumi, na taɓa ta na ji jikin sanyi ƙalau a cikin wannan zafi. Hannunta na rawa. Ta ƙura wa gonar da ke gabanmu ido, ta fara gaisuwa, tana yi wa wasu sannu da zuwa, tana tambayarsu ya hanya. Muka waiwaya, ba kowa. Ta kira sunan yayarta da muke zuwa ta'aziyyarta, ta ce ga ta can tsaye tana jiranta. Na ce Inna ni ce, ta dube ni da wasu idanu da ban sani ba, sannan ta kira ni da sunana na yanka, sunan da tun da ta haife ni bai taɓa fitowa daga bakinta ba. Matan suka ja da baya suna salati. Muryar Inna ta yi kauri, harshen ya yi nauyi, yatsunta suna ta lalubar haɓar zane suna kwance ƙullin da babu shi. Abu ɗaya take maimaitawa: a ba ta fari, a ba ta farinta.

Dattijuwar nan ta ce ai ta faɗa, mutanen tsamiya ne suka hau ta, kuma farin abu suke nema, ko farin goro ko farar kaza. Wani malami daga cikin mazan ya taso ya ce kada wanda ya kuskura ya ba aljani abin da ya roƙa, shirka ce, a riƙe ta zai yi mata ruƙiyya. Ya fara karatu da ƙarfi, mata biyu suka danne mata hannu. Ba na ganin laifinsu, sun yi iyakar abin da suka sani. Ni ce mai jaka. Ni ce na san ma'anar fari a bakin Inna, kuma na gane sarai, amma sai na ce a raina ciwon ne ya tashi yake sa ta sambatun zaƙi. Na buɗe jaka na ɓallo wata ƙwayar maganin suga, na tura mata a baki na ɗura mata ruwa. Ba a jima ba ta yi laƙwas ta daina magana. Malamin ya ce alhamdu lillahi, sun fita.

Sai bayan la'asar wata motar kaya ta kai mu wani ƙaramin asibiti. Ma'aikacin ya soki yatsanta ya duba, ya ɗago ya ce sugan jikinta ne ya faɗi ƙasa warwas, ya tambaya duk motar ba mai ko alewa ɗaya? Sun ɗaura mata ruwa, sun yi ƙoƙarinsu, amma Inna ba ta farfaɗo ba. Kwana biyu ta yi a kwance, ta cika.

Na san kwana ne ya ƙare, kowa ya faɗa mini kuma na yi imani. Amma bayan an share makoki na ɗauko jakar zan kwashe sauran magungunanta, na zuge aljihun gefe, sai ga ƙwayoyin nan uku, ko gefensu bai gutsure ba. Duk tsawon sa'o'in da take roƙo a gindin tsamiyar, jakar tana kan cinyata. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ranar rasuwar ba.

Abin da na koya, cika jaka da magani ba shi ne sani ba. 'Yan uwa, in za ku yi tafiya da mai ciwo, ku je ku tambayi masu duba shi abin da za a ɗauka da abin da za a yi in ya rikice a hanya, kuma ku saurari shi kansa mai ciwon, ko da a hankali yake magana. Mai shan maganin suga kada ya hau mota da yunwa, kada a raba shi da ɗan abin zaƙinsa. In ya fara gumi da rawar jiki da sambatu, ku fara ba shi zaƙi kafin ku ce iska ce. Har yau ba na fita sai da ƙwayar suga uku a haɓar zanena. Na ba baƙi a tasha, na ba wata tsohuwa a layin asibiti. Wadda ta roƙe ni da sunana ce kaɗai ban ba ba.