Tabon da Na Goge a Goshin Baba

Akwai abin da mutum zai ɗauka ya manta, sai wata rana ya taso masa. Wannan da zan ba ku labari bai taɓa kwanciya ba, balle a ce ya taso. Ko shekara ɗari Allah ya ƙara mini, ba na jin zan manta da abin da na yi wa hoton mahaifina da hannuna.

A lokacin ina aikin malamin gona a Birnin Kudu. Ɗaukar hoto ba sana'ata ba ce, sha'awa ce kawai ta kama ni da girmana. Da waya na fara. In na fita zagayen gonaki sai in tsaya in ɗauki shinkafa a fadama, ko balbelu suna bin shanu, ko duwatsun nan na bayan gari idan rana ta yi sanyi. Da abin ya yi nisa sai na ga waya ta yi mini kaɗan. Wata uku cur ina shawarar kyamarar da zan saya. Kullum ina cikin intanet, wannan ya ce kaza ta fi, wancan ya ce ƙarya ne, har kaina ya ɗaure.

Ƙarshe dai na je wurin wani dattijo mai shagon hoto a kusa da kasuwa, wanda ya fara aikin tun zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu. Na jera masa sunayen kyamarori kamar mai biya karatu. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Malam, me kake so ka ɗauka?"

Na ce, "Komai, Alhaji."

Ya yi dariya. "Mai son ɗaukar komai ba abin da zai ɗauka. Nemi ta hannu mai lafiya, da gilashi guda ɗaya. In kana so abu ya matso, ka matsa da ƙafarka."

Wannan shawarar na bi ta. Na shiga Kano na sayo kyamara ta hannu, da gilashinta ɗaya, da katin ajiya ɗaya. Inda na kauce shi ne wajen manhajar gyaran hoto. Guda uku na gwada a 'yar tsohuwar kwamfutata. Ta farko kyauta ce, amma sai mutum ya zauna ya koya kamar ɗan makaranta. Ta biyu ta ƙwararru ce, ta fi ƙarfin kwamfutar. Ta uku kuwa, kai dai taɓa wuri ɗaya, fuska ta yi sumul, haƙora su yi fari, sama ta yi shuɗi. Na kai wa dattijon ya gani. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan ba gyara take yi ba, kwalliya take yi. Ka yi hattara da ita." Na ce a raina, tsoho ne, zamani ya wuce shi. Ita na zaɓa. Da ta tambaye ni ko ta riƙa ajiye asalin hoto daban, ko ta ɗora gyararren a kansa, sai na duba na ga wuri ya yi ƙaranci a kwamfutar, na ce ta ɗora. Ko daƙiƙa biyar ban yi ina tunani ba.

Mahaifina yana wani ƙauye ne a wajen Maruta, ƙasar Gwaram. Noma da kiwo ya gada, su ya riƙe har ƙarshen ransa. Dogo ne siriri, rana ta gasa shi, goro ya rina masa haƙora, idonsa ɗaya hakiya ta fara rufewa. A goshinsa akwai wani tsohon tabo mai lanƙwasa kamar lauje. Tun muna yara mun san wani sa ne ya soke shi da ƙaho, iyakar abin da muka sani ke nan. Ni ne ɗan fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Da na fara aiki sai ya samu mafita, ya koma ce mini "malamin gona", rabi girmamawa rabi tsokana, domin a ganinsa ba abin da takarda za ta koya wa mutum game da dawa.

Baba ba ya son hoto. Wanda yake da shi kaɗai shi ne na jikin katin shaida, ɗan mitsitsi, hula ta sauko har gira, ga shi ya koɗe. Don haka da na je gida da kaka, kyamara rataye a wuya, ban sa rai ba. Na tarar da shi bayan la'asar yana jera dammunan dawa a rumbu. Na kama masa muka gama, sannan na roƙe shi. Ya dube ni, ya dubi abin da ke wuyana, ya ce, "To, malamin gona, yi abin da za ka yi kafin shanu su dawo."

Ya kifa turmi a gefen rumbu ya zauna, ya ɗaure fuska kamar wanda aka kai gaban alƙali. Inna tana bakin madafa tana kallonmu. Sai ta ce, "Malam, ka wani ƙame kamar ango ranar buɗar kai." Lokacin ya cire hula zai share gumi. Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ba kasafai muke gani ba, kai a buɗe, hula a hannu, hasken yamma ya sauka a goshinsa. Na danna. Huɗu na ɗauka. Nan take na duba, na ga na dariyar ya fi, na goge sauran ukun. Har yau in na rufe ido ina jin ƙamshin sabuwar dawa da kukan maruƙa suna jiran iyayensu.

Da na koma Birnin Kudu, ranar Asabar da hantsi na zauna a gaban kwamfuta. Niyyata in ƙara ɗan haske kawai. Amma manhajar nan in ta fara jan mutum ba ta saki. Na taɓa, tamojin fuska suka baje. Na taɓa, haƙora suka yi fari. Na share hakiyar ido. Rigar aikin da ta sha ƙura na mayar da ita fara sol. Rumbun ma na ga kamar ya cika ƙauyanci, na sa labule mai ruwan zinariya a madadinsa. Tabon ne na ƙarshe. Na ja a kansa sau biyu, goshi ya yi sumul kamar na jariri. A lokacin cewa nake ƙauna ce, ina so mahaifina ya fito a babban mutum. Yanzu da na girma na san akwai wata 'yar kunya da ta ɓuya a cikin ƙaunar. So nake in nuna wa abokan aiki uban da ba za su ga wahala a fuskarsa ba. Na ajiye hoton. Bayan kwana biyu na goge duk abin da ke cikin katin kyamara tas, domin za mu fita ɗaukar tsuntsaye.

Aka buga mini shi babba, aka sa gilashi. Na ɗaure a bayan babur, na bi ta Gwaram a hankali don kada gargada ta fasa shi. A zaure na samu Baba yana tufkar igiya. Na miƙa masa ina jiran yabo. Ya riƙe shi nesa, ya matso da shi kusa da idonsa mai lafiya, ya daɗe.

"Wannan Alhajin na wane gari ne?"

Na ce, "Baba, kai ne mana."

"A'a. Allah ya ƙara masa lafiya, amma wannan bawan Allah bai taɓa shiga rana ba." Ya yi murmushi, ya jingine hoton da bango. Bai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Ya ci gaba da tufkarsa, can ya ce, "In ka samu sarari, ka dawo ka ɗauki mai gidan nan. Wannan baƙo ne."

Na ji kunya, amma na rufe da surutu. Na ce masa akwai wani gilashi na musamman na ɗaukar fuska, shi nake shirin saya, da zarar ya zo zan dawo in yi masa wanda ya fi wannan. Kyamarar tana cikin jakata a lokacin, rana ba ta faɗi ba, turmin yana nan inda yake. Ban fito da ita ba. Ya ce, "Allah ya kai mu."

Na koma na sake faɗawa cikin shawara. Wannan gilashin ko wancan, sabo ko na hannu. Rani ya shigo, ya yi nisa. Sau biyu na je gida, duk ban ɗauki kyamarar ba, ina jiran gilashi. Ana saura kaɗan ruwan farko ya sauka, zazzaɓi ya kwantar da Baba. Kwana uku ya yi. Ranar da aka kira ni da safe, kafin in isa an riga an yi masa wanka. Da azahar muka kai shi.

Bayan an yi bakwai, mutane sun ragu, na shiga ɗakin Inna in yi mata sallama. Tana zaune a kan tabarma da carbi. Ta ce, "Wancan hoton na zaure, bar shi can. In ka tashi dawowa, kawo mini na farkon, wanda yake dariya."

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Inna, shi ne wancan ɗin. Shi na gyara."

"To, na kafin gyaran fa?"

Na ce babu shi, gyararren ya hau kansa. Ta gane. Ta ja carbi, sannan ta ce, "Har tabon?" Na gyaɗa kai. Sai ta ce, "Ka san inda ya samo shi?"

Na ce ƙahon sa ne.

"Ƙahon sa ne. Kana tatata, na juya in sauke tukunya, ka sulale ka shiga garke. Akwai wani bijimi da ko makiyaya shakkarsa suke. Ya sunkuyar da kai ya nufo ka. Babanku yana nesa, ban san yadda ya iso ba, na dai gan shi ya kife a kanka. Wata guda yana kwance. Da ya warke ya ce kada in kuskura in gaya maka, kada ka taso kana kallon goshinsa kana jin nauyi."

Ban san yadda na fito daga ɗakin ba. Na dai tsinci kaina a bayan rumbu, ƙato da ni, ina kuka kamar yaro.

Ba irin ƙoƙarin da ban yi ba. Na kai katin da kwamfutar Kano wurin masu dawo da abin da aka goge. Mai gyaran ya yi iya yinsa, ya dawo mini da tulin hotuna: balbelu, duwatsu, faɗuwar rana, wata akuya a kan katanga. Na Baba babu, sababbi sun hau kansa. Na bi wayoyin dangi ɗaya bayan ɗaya. Abin da na samu shi ne bayansa a wani taron suna, da gefen kafaɗarsa a wani ɗaurin aure.

Daga nan na ce, manhajar da ta goge ai za ta iya mayarwa. Na zauna zan zana tabon da kaina. A nan ne abin ya fi yi mini ciwo, domin na rasa ta ina ya lanƙwasa. Fuskar da na yi shekara talatin da wani abu ina gani! Na kira ƙanwata, ta ce wutsiyarsa dama ta yi. Ni kuma na rantse hagu ne. Muka yi ta musu a waya. Na zana iri biyu, na buga, na kai wa Inna.

Ta dubi na farko, ta dubi na biyu, ta ajiye su a gefe. "Ba haka yake ba." Sai ta ce in matso. Mahaifiyata mai alkunyar ɗan fari ce, tun da na yi wayo ban tuna ranar da ta taɓa fuskata ba. Ta ɗora ɗan yatsanta a saman girata, ta ja shi a hankali zuwa sama, ta karkata, ta tsaya a bakin gashi. Ta ce, "Nan ya fara, nan ya tsaya." Ban sake gwada zanawa ba. Na san ko na zana, tawada ce kawai.

Shekaru sun wuce. Har yanzu ina ɗaukar hoto, da waccan kyamarar dai, da gilashinta ɗaya. Na koma na koyi manhajar nan mai wuya, wadda ba ta taɓa asalin hoto, kuma ba na wuce gyaran haske. 'Ya'yana sukan tambaye ni yaya kakansu yake. Sai in yi ta bayani da baki, dogo ne, siriri ne, in ya yi dariya ido ɗaya ya fi rufewa. Ina kallonsu na san ba sa ganinsa. Wani lokaci ni ma sai in ji fuskar tana yi mini nisa, in yi ta kiranta, ta zo rabi ta tsaya.

Abin da na koya shi ne, kafin ka gyara wani abu a jikin wanda kake ƙauna, tsaya ka tambaya daga ina ya zo. Sau da yawa abin da muke gani aibi a fuskar iyayenmu, mu ne sanadinsa, kuma ba su taɓa faɗa ba. Sannan in mutum ya ce ka zo ka gan shi yadda yake, ka tafi da abin da ke hannunka a ranar. Kayan aiki za su jira ka a kasuwa. Mutum ba ya jira. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa.