Manet Mai Igiya da Hannun Yayana

Yayana ya daina cin abinci tare da mu tun ranar da aka sallamo shi daga asibiti. Hawan jini ne, tansiyo, ya kayar da shi a bakin rumfarsa ta gyaran moto, wato babur, a Buza, ya taɓa masa ɓarin dama. Ƙafar ta dawo da sannu, bakin ma ya daidaita, amma hannun ya ƙi. Babban yatsa ya kwanta kamar ba nasa ba, sauran suna motsi kaɗan idan ya matsa musu. A gidanmu kuwa kwano ɗaya maza ke zagayewa, kuma da dama ake ci. Shi ya ce ba zai zauna gaban ƙannensa da baƙi yana kai loma da hagu ba. Sai a kai masa nasa ɗaki, ya tura ƙofa. Rabin tuwon ne ke dawowa.

Ni ina koyarwa a Madawa, ƙarshen mako nake hawa moto in je gida. Duk zuwan da zan yi sai in tarar ya ƙara ramewa. Likita ya ba shi wata ƙwallon roba, ya ce ya riƙa matsawa safe da yamma, yatsun za su iya farfaɗowa in ba a bar su sun kwanta ba. Matarsa ta nuna mini inda ƙwallon ta ƙare: kan rufin akurkin kaji.

"Ya ce shi ba jinjiri ba ne," in ji ta. "Kai da kake da boko, mi za a yi mishi? Ko bokon naku na allo da alli ne kawai?"

Ni da ita ba ma gaisawa sai da tsiya, haka ƙanen miji da matar wa suke. Amma ranar ban rama ba, don na ga idonta. Tsoro ya kama ni sosai, kuma na ji haushinsa, haushin da ba ni da damar nunawa tunda shi ne babba.

A hanyar komawa ne na tuna da sal. Muna samari akwai wani ɗakin wasa da ake kira haka kusa da tasha a Buza, mai tele ɗaya da benci ɗaya, da na'urar wasa wadda muke kira konsol. Wasan faɗa kawai ake yi, mutum biyu a fuskar tele suna naushi da harbi da ƙafa, mu kuma muna sarrafa su da manet, wato ɗan abin nan mai maɓallai da ake riƙewa. Dokar ɗakin guda ce, wanda aka kayar ya tashi ya ba na gaba. Yayana kuwa in ya zauna, to sai kiran magariba ya tashe shi. Har daga Deule samari kan zo ranar kasuwa don su gwada shi, su koma da kunya. Ni ban taɓa cinsa ba, ko da wasa.

Na ce, to, wanda ya ƙi ƙwallo ai ba zai ƙi wannan ba. Ina da tsohon konsol da na saya wajen wani abokin aiki, sai manet na biyu ya rage. Na shiga wani butik, wato shago, a Madawa na ce a ba ni wanda ya fi kowane kyau. Aka ba ni na zamani, marar igiya, mai ƙahoni biyu na riƙewa da ƴan sanduna biyu da ake juyawa da babban yatsa, har rawa yake yi a hannu idan an buge ka. Na kai shi gida ina jin kaina.

Yaya ya karɓa ba musu, abin da ya ba ni mamaki. Ya juya shi, ya ɗora a cinya, ya kai hannun dama kansa. Abin ya yi tangaɗi, don bayansa ba shimfiɗaɗɗe ba ne, ya sulale ya faɗi ƙasa, ƙwal! Matarsa na tsaye bakin ƙofa da kwanon fura. Ya sunkuya zai ɗauka, yatsun suka kasa kamawa. Ya ɗago ya ce, "Kwashe kayanka." Ya juya ya fuskanci bango.

Kash! A nan na ga abin da na manta. Yayana bai taɓa riƙe manet a hannu biyu kamar yaran yanzu ba. Babu wanda ke yin haka a sal ɗinmu. A cinya ake ɗora shi, babban yatsan hagu a kan gicciyen da ke tafiyar da ɗan wasa, yatsun dama kuma suna faɗo wa maɓallai daga sama, kamar mai kiɗan ƙwarya. Babban yatsan dama ba shi da aiki ko kaɗan. Sannan mai sal ɗin mutum ne mai faɗa, duk wanda ya yar masa da manet a siminti ya gama shiga ɗakin. Saboda haka kowa in ya zauna sai ya naɗe igiyar a wuyan hannunsa na dama, ya ja ta ta ɗaure. Ko an buge ka ka zabura, manet na nan liƙe da kai. Ni kuwa na kawo wa mutumin da hannunsa ba ya riƙo abin da ba shi da igiya, kuma mai neman yatsan da ya mutu.

Mako na gaba na koma butik ɗin. Mai shagon matashi ne mai fara'a, yana ganina ya fara jero mini sababbi a kan tebur.

"Irin na dauri nike so," na ce. "Mai igiya."

Ya dube ni, ya kira ni yadda ake kiran malaman makaranta a wajenmu. "Haba Mushe, wa ke sayen igiya yanzu? Wanga ko kana bakin ƙofa yana kamawa."

"Ba bakin ƙofa za ni zamna ba. Hiddo mini masu igiya."

Ya shiga ciki yana dariya, ya fito da kwali mai ƙura. Sababbi ne su ma, amma an ƙera su da siffar na da. Na ja kujera na zauna, na fara ɗora su a cinya ɗaya bayan ɗaya, mutane na shiga da fita suna kallona. Wanda duk ya yi tangaɗi na ture shi gefe. Wasu kuma, maɓallai huɗu ne kawai a fuskarsu, sauran an kai su can kafaɗa, inda sai ka riƙe abin a hannu za ka same su. Su ma na ture. Ina neman mai shida a fuska, uku sama uku ƙasa, naushi a jere, ƙafa a jere, yadda yatsa ba zai yi tafiya mai nisa ba.

Biyu suka rage. Na naɗe babban yatsana na dama cikin tafi, na saki hannun ya yi laushi yadda na ga na Yaya yake, na gwada da yatsu biyu. Na farkon maɓallansa ƙanana ne masu tauri, sai ka danna da niyya. Na biyun manya ne, masu faɗi, nauyin yatsa kaɗai ya ishe su, kuma suna ɗan ƙara, ƙas, yadda ko ba ka ji a fata ba kunnenka zai shaida maka ka danna. Gicciyensa ma yana juyawa ba ya cijewa. Na warware igiyar, na naɗa a wuyan hannu, na ja da baya in ga ko saura zai kai daga benci zuwa tele. Ya kai. Na sa mai shagon ya soka bakin igiyar a konsol irin nawa, na ga ya amsa, sannan na yarda.

"Mushe, gasa za ka shiga?" ya tambaye ni.

Na ce, "Wa nike da shi da ba shi da lahiya."

Ya daina dariyar. Ya nemo leda mai kauri ya naɗe mini shi da kyau saboda ƙurar hanya.

Wannan karon ban miƙa wa Yaya komai ba. Bayan la'asar na fito da tele ƙarƙashin rumfar tsakar gida, daidai inda zai jiyo daga ɗaki, na jawo benci, na ajiye sabon manet ɗin a gefena, igiyarsa a warware. Na kunna na yi ta wasa ni kaɗai da na'ura, tana ta lallasa ni. Ba da gangan ba ne, dama can haka na iya.

Can sai na ji muryarsa a bayana. "Kai dai har yanzu jaki ne. Kare kanka mana! Ja baya!"

"Yo in ka iya, zo ka yi."

Ya ɗingiso ya zauna. Ya daɗe yana kallon manet ɗin. Sannan ya sa hagu ya ɗauki igiyar, ya naɗe ta a wuyan hannun dama, ya ja da haƙori ta ɗaure, kamar jiya ya bari. Ya ɗora a cinya. Abin ya zauna daram.

Na ci shi. Ban so ba, amma na san in na sassauta zai gane, kuma ba zai yafe mini ba. Yatsunsa suna isa maɓalli bayan an riga an buge shi. Karo na farko ke nan a rayuwata da na kayar da yayana, kuma wallahi ban taɓa jin nasara mai ɗaci irin wannan ba. Na kasa kallonsa.

"Wanda aka kayar shi ka tashi," na ce, don in rufe shirun.

"Akwai wani bisa layi?" Ya waiga hagu da dama, kaji ne kawai a tsakar gidan. "To sake."

Na bar masa konsol ɗin a Buza. Matarsa ta ce kullum in akwai kuran, wato wutar lantarki, sai ta ji ƙas, ƙas daga rumfa, da zage-zagen da ba ta san ya iya ba. In an ɗauke wuta ma ba ya kwance igiyar, yana nan yana danna maɓallai a gaban tele mai baƙar fuska. Ta ce na mayar mata da miji yaro. Na ce ai dama yaro ta aura, ba ta lura ba ne. Duk ƙarshen mako muna karawa, ina cinsa, amma cin yana ƙara wuya. Kafin a gama girbin hatsi ya fara ƙwace zagaye ɗaya-ɗaya. Babban yatsan dai bai tashi ba, har yau ma bai tashi ba. Sauran ne suka koyi lanƙwasa.

Wata Asabar muna tsakiyar wasa aka kawo abincin rana, tuwon hatsi da miyar kuka. Matarsa ta ajiye babban kwanon a tabarma, ta nufi ɗaki da ƙaramin kamar yadda ta saba.

"Ina za ki da shi?" ya ce. "Juye shi nan."

Ta tsaya cak, ta dube ni. Ni kuwa na ƙura wa tele ido. Ya kwance igiyar, ta bar masa shaida a wuyan hannu. Ya sauko tabarma, na zuba masa ruwa ya wanke hannu, ƙannenmu suka matsa suka ba shi wurinsa na da. Ya yi bisimilla, ya sa dama. Da yatsu huɗu ya yanko tuwon, ya tallabo shi kamar da ludayi. Lomar farko ta faɗi a rigarsa. Babu wanda ya ɗaga kai. Ta biyu ta kai baki.

Ni kuwa hawaye ne suka cika mini ido, kuma ya gani.

"Diba gabanka ka ci," ya ce. "Ba mu ƙare wasan ba, kuma ni ke gaba."