Kwat ɗin Baba da rigar gareji

Shekarun baya, ina zangon ƙarshe a wata kwaleji kusa da gidanmu a garin Wheaton, a ƙasar waje, na ɗauki darasin tarihin fim. Neman maki mai arha ne ya kai ni, sai ga shi na kamu. Malaminmu ya yi wata guda yana nuna mana finafinan da 'yan Italiya suka yi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Yaƙi ya ragargaza musu garuruwa, wuraren ɗaukar fim sun lalace, sai suka fito da kyamara kan titi. Su samo lebura ko mai wankau, su sa shi a fim yadda yake, da tsohuwar rigarsa da yunwarsa. Malam ya ce daga Indiya har Senegal masu fim sun koyi wannan salo a wurinsu.

Ni kuwa na haɗiye abin ko taunawa babu. Ko shayi mahaifiyata take zubawa, ni gaskiyar rayuwa nake gani. Da aka ce kowa ya yi gajeren fim, ban yi dogon tunani ba.

Mahaifina injiniyan hanyoyi ne a Kano. Da muka zo ƙasar nan takardunsa na aiki ba su karɓu ba. Kullum da safe zai sa kwat ɗin da Mama ta goge, ya ɗauki jaka, ya hau jirgin ƙasa zuwa unguwar Southwest inda ofisoshin gwamnati suke. Mutanenmu na masallaci suna ce masa Injiniya, sun ɗauka a ɗaya daga ofisoshin yake. Bai taɓa ce musu haka ne ba, bai kuma taɓa gyara musu ba. Mu 'yan gida kaɗai muka san a garejin ajiye motoci yake aikin karɓar mukullin masu mota. Ba wanda ya hana mu faɗa, ba a dai faɗa.

Kwana uku ina bin sa da kyamara bai sani ba. Na ɗauke shi yana cire kwat, yana rataye shi a ƙusa, yana sa rigar aiki mai ruwan ɗorawa. Na ɗauki wani direba yana jefa masa mukulli ko kallonsa bai yi ba. Na ɗauke shi yana shimfiɗa kwali tsakanin motoci biyu zai yi azahar. Na ce wa kaina 'yan aji ne kawai za su gani.

Ranar Asabar da rana aka nuna finafinan a zauren kwalejin. Ina tsaye bakin zauren sai na hango Mama, Baba na biye da ita cikin kwat. Ashe ta tsinci takardar sanarwa a kan tebur, ta ga sunana. A bayansu kuma ga aminin Baba, wani likita da ke garin Springfield, da matarsa.

"Ke da ɓoye-ɓoye," in ji Mama tana dariya. "Abin arziki irin wannan ki ƙi faɗa mana?"

Likita ya ce, "Injiniya, ashe daraktar fim kake ajiye mana a gida."

Na duba takardar sanarwar. Nawa ne na biyar a jerin. Na je wurin malam na raɗa masa cewa mahaifina yana nan, kuma bai san da fim ɗin ba. Ya dube ni ya ce in ina so zai tsallake shi, ba wanda zai lura. Wannan ne wurin da har yau nake jin kunyar faɗa. A satin malam ya riga ya ce mini nawa ya fi na kowa. Ina son in ji tafi. Na ce ya bar shi.

Na huɗu ya ƙare, ban san me aka nuna ba. Aka kashe fitila. Minti bakwai ne fim ɗin, na yi su ina kallon ƙeyar Baba a layin gabana. Bai motsa ba. Da aka zo wurin mukullin, na ga Mama ta sunkuyar da kai. Aka yi tafi sosai, irin wanda na nema.

A waje likita ya riƙe hannun Baba ya daɗe bai saki ba, ya ce, "Injiniya, sai Juma'a." Kirki ya yi, amma muryarsa ta yi laushi fiye da da, kuma duk mun ji.

Muna mota, mun kusa gida. Baba ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Uwata, su waɗannan leburorin na Italiya da kike ta ba mu labari, an tambaye su kafin a ɗauke su?"

Na ce, "An tambaye su, Baba."

Ya ce, "To."

Bai ƙara tayar da maganar ba, ranar ko bayanta. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ranar Litinin Mama ta goge kwat kamar kullum ta rataye a ƙofa. Baba ya fito daga ɗaki sanye da rigar gareji, ya wuce kwat ɗin, ya tafi tashar jirgi a haka. Bai sake sa shi ba.

Mun daɗe da shiryawa, ya yafe mini tun kafin in iya roƙonsa da kyau. Ƙawayena kan ce ai sauke masa kaya na yi. Ban yarda ba. Kwat ɗin nasa ne, shi ke da ikon zaɓen ranar da zai cire shi, ni kuma na zaɓa masa a gaban amininsa don a tafa mini. Har yanzu ina son waɗannan finafinai, ina kuma ɗaukar mutane a kan titi. Amma ba na kunna kyamara sai na yi sallama na tambaya, kuma in mutum ya yi shiru, na san a'a ke nan.