Seu Valdemiro, Makaɗin da Ke Kallon Ƙafafu

Kullum da hantsi Seu Valdemiro kan fito da babbar gangarsa ya jingine ta a rana, ya ja igiyoyinta, sannan ya zauna da kofin gahawa yana kallon ƙafafun masu hawa tudun unguwarmu a garin Olinda na ƙasar Brazil. Ƙafafu fa! Shekara goma ina gaishe shi, takalmina yake amsa wa.

Abin ya daɗe yana ci min rai. Shekara arba'in gangarsa ce makaɗa talatin na ƙungiyarmu ke bi a kanibal, bikin kiɗa da rawa a titi da ake yi wajen watan Fabrairu, amma a hoto hularsa kawai ake gani, don kullum kansa a sunkuye yake. Ran nan na kasa haƙuri na ce, "Seu Valdemiro, wai me ka yar a ƙasa ne?"

Ya ce, "Ke dai kin cika tambaya. Je ki wurin Creuza."

Dona Creuza ce ke rawa da 'yar tsanar ƙungiya a gaban makaɗa, shekararta saba'in da tara. Bara shugabanni suka ce in ta kasa kaiwa ƙofar cocin da ke kan tudu, sai ta miƙa wa wata.

Ta ce min, "'Yar nan, a tsakiyar hawa gwiwata ta ce ba ta san zancen ba. Na ce shi ke nan, yau zan sha kunya gaban jikokina. Sai na ji gangar tsohon nan ta sassauta, ta dawo daidai ƙafata. In na ɗaga ƙafa ta jira, in na sauke ta buga. Shugaba na ta ihu, 'Valdemiro, barci kake?' Ko ɗagowa bai yi ba. Haka muka kai."

Da na koma masa, cewa ya yi, "Duk shekara ƙafar da ta fi gajiya nake nema, ita nake kaɗa wa. Masu ƙarfi me za su yi da ni?"

Wallahi sai da na yi ƙwalla. Kai ne gatan mai jan ƙafa, Seu Valdemiro. Bana ciwon kafaɗa ya sa ka daina kiɗa a biki, mun gode, mun gode ƙwarai.

Ku da za ku gaje shi, don Allah ku koyi wannan kafin watan Fabrairu. Dona Creuza ta riga ta kai siket ɗinta wurin tela. Ta ce za ta hau, ko wa ke bayanta.