Gafakar Kakan Mahaifinmu

Ina shagona a Gwarzo ina auna wa wata mata gero ƙanena ya kira ni. Kwana tara ke nan da rasuwar Gwaggo, yayar mahaifinmu. Ya ce sun share ɗakinta a Unguwar Tudu, sun raba tufafinta, tsofaffin takardun da ke cikin gafaka kuma sun ƙona su.

Na ƙarasa awon, na rufe shago, na hau babur.

Gafakar ta kakan mahaifinmu ce. Malami ne, daga Kabo ya taso da jaki ɗaya, ya zauna a Unguwar Tudu, ya yi aure, ya haifi kakanmu. Amma ya bar mata da 'ya'ya uku a Kabo, bai koma ba, ba kuma wanda ya taɓa faɗa mana dalili. Gwaggo ta ce sunayen 'ya'yan da unguwarsu suna cikin takardun, da ajami ya rubuta. Ita ba ta karatu. Ni ma rubutun hannun mutanen da ya fi ƙarfina.

Shekara biyu ina neman jikokin mutanen nan. Sau huɗu na je Kabo. Duk dattijon da na zauna da shi, bayan gaisuwa sai ya ce, "To, 'ya'yan nasa su wane ne?" Sai in yi sallama in tashi, don ban san sunan ko ɗaya ba.

Na taɓa roƙon Gwaggo in ɗauki hoton takardun da waya. Ta ce ba za a sa sunan Allah a aljihu a shiga bayi da shi ba. Na ce to ta ba ni in kai wa wani tsohon malami a Sabon Birni. Ta ce gafakar ba ta kwana a waje, in kawo malamin. Na ce bayan kaka. Kaka biyu ta wuce ban kawo shi ba. Wannan laifina ne, kuma ban manta ba.

Na tarar da ƙanena a zaure.

"Yaya, gara ta ci rabinsu," in ji shi. "Akwai ayoyi a ciki, ka fi so a tattaka su? Wasu ma ba mu san me aka rubuta ba."

"Ba ku sani ba, shi ne kuka sa wuta?"

"Ai mun tambayi liman."

"Ni kun tambaye ni? Waya ɗaya ce ka kira liman da ita, ka kira ni da ita bayan an gama."

Ya ce matattu addu'a suke bukata, ba takarda ba. Na ce waɗanda nake nema suna da rai, wataƙila ma na sha auna musu gero ban san jinina ba ne. Ya shiga ciki ya fito da gafakar, ya ce fatar tana da kyau, sun ajiye mini.

Na san ba da mugunta ya yi ba. Ya binne tokar a wuri mai tsabta, gindin zogale, har ya ɗora dutse. Wannan ladabin ne ya fi ƙona mini rai. Takardun sun tsira daga gara da damina a hannun tsohuwar da ba ta iya karanta harafi ɗaya ba, suka kasa kwana goma a hannun masu ilimi.

Gafakar tana rataye a shagona, babu kome a ciki. Ni da ƙanena gaisuwa kawai ke haɗa mu. Mutanen Kabo kuwa har yau ban samo su ba.