Gwangwanin Folish da Ƙafar Yaya

Mijin yayata direba ne. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana tuƙa shugabannin wani ofis, wannan ya sauka wancan ya hau, shi yana nan a bayan sitiyari da tsummansa a aljihu. A can aka laƙaba masa Madubi, domin duk motar da ta shiga hannunsa sai ka ga fuskarka a jikinta, har matan ofis kan tsaya a ƙofarta su gyara ɗaurin ɗankwali. Da ya yi ritaya suka bar masa tsohuwar motar da ya fi daɗewa da ita, baƙa, doguwa. Ranar da ya shigo da ita gida na ga ƙwalla a idonsa. Ranar da aka haifa masa ɗan fari ina wurin, ban ga ƙwallar nan ba.

Kada in ɗauki alhakinsa. Ba ya duka, ba ya zagi, ba ya yawon banza, ko ɗaga murya ban taɓa ji ya yi ba. In mutanen layinsu za su ba da misalin mutumin kirki, shi suke nunawa. Ni ma da can tsokanarsa kawai nake yi.

"Yaya Madubi, yau ma an yi wa 'yar lelen wanka?"

Sai ya yi dariya ya ce, "Auta, ke ba za ki gane ba."

Ya kafa wa motar rumfa a tsakar gida, daidai inda Yaya take shanya, igiyar shanya ta koma bayan banɗaki. Kowace Asabar da safe zai fito da bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraya, wai kada ƙwayar yashi ta bi soso ta karce fenti. In ta bushe sai a zo ga folish, kuma nan ne karatun yake. Ya ce akwai na feshi, wanda yake ƙyalli nan take amma wanki biyu ya tafi, na malalata ne. Akwai mai kaifi, wanda yake cin fenti a hankali kana murna. Sannan akwai na gwangwani mai tauri kamar kakin zuma, shi ne yake tsare fenti daga rana da kashin tsuntsu, amma sai ka yi gumi. Ba a shafa shi a rana, ba a shafa shi a kan datti. A shafa a zagaye, a bar shi ya yi fari, a goge kafin ya ƙame. In ya gama sai ya ɗauko buta ya tsiyaya ruwa a kan bonet, in ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangare sai ya gyaɗa kai. Na ji wannan bayani ya fi sau ɗari, har na iya shi ba da son raina ba.

Motar kuwa ba ta zuwa ko'ina. Sau ɗaya a wata yake zagaya layi da ita don kada batir ya mutu, ya dawo ya lulluɓe ta.

Yaya tana da ciwon suga. Wata rana ta taka ƙusa a bayan banɗakin nan wajen kwashe shanya, babban yatsanta ya huje. Likita ya ce a riƙa kawo ta wankin ciwo duk bayan kwana uku, kuma kada ta yawaita taka ƙafar. To a lokacin ana gyaran titin asibitin, an zuba tsakuwa, ana malala kwalta. Madubi ya ce tsakuwa tana fallatsowa ta ɓantare fenti, kwalta kuma in ta kama ƙasan ƙofa ba ta fita. Ya ce ta yi haƙuri ta shiga bas kafin a gama aikin. Daga gidansu zuwa inda bas yake tsayawa tafiyar minti ashirin ce ga mai lafiya. Ta je sau biyu tana ɗingishi, ta dawo ƙafa a kumbure, daga nan ta daina zuwa. 'Ya'yanta suna wasu garuruwa suna aiki, in sun bugo waya sai ta ce musu da sauƙi.

Duk wannan ban sani ba sai da matar maƙwabcinsu ta kira ni bayan mako uku, ta ce, "Ki zo ki ga yayarki da idonki, ni dai na faɗa miki."

Na isa da hantsi, ranar Asabar. Na tarar da Madubi a ƙarƙashin rumfa, an riga an yi wanki, yana riƙe da gwangwani biyu, ɗaya a kowane hannu. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Yawwa Auta, zo ki raba mana gardama. Wannan ya fi ƙyalli, amma wata biyu yake yi. Wannan kuma ƙyallinsa bai kai ba, amma yana kai wata shida. Tun shekaranjiya na kasa tsai da magana."

Na ce, "Ina Yaya?"

"Tana ciki, tana hutawa. Shinshina ki ji."

Ya buɗe ɗaya ya kai mini hanci, ƙamshi kamar na kwakwa. Da wannan ƙamshin a hancina na ɗaga labulen ɗakinta, sai wani wari ya tare ni, irin na naman da aka manta a leda. Na toshe baki na koma baya, sannan na ji kunyar kaina na shiga. Tana kwance, ta naɗe ƙafar da wani tsohon ɗankwali. Na warware a hankali. Yatsan ya yi baƙi ƙirin, baƙin ya haura har idon sawu, ruwa yana tsatsa. Jikinta zafi rau.

Na ce, "Yaya, ina audugar da bandejin da aka ba ki?"

Ta kau da kai ta ce, "Malam ya ɗan ara. Wai tsumma ba ya shiga lungun fitila."

Na leƙa ta taga. Ga ƙullin audugar asibiti nan a kan kujerarsa, kusa da gwangwanin, an yagi fiye da rabi. Na sha ganin ƙazanta a rayuwata, na yi jinyar tsofaffi, na wanke abin da ba ya faɗuwa, amma ban taɓa jin ƙyamar wani abu ba kamar yadda na ji ƙyamar wannan farar auduga mai tsabta. Kuma har ita Yaya sai da ta ba ni haushi, yadda ta ce "ya ɗan ara" kamar gishiri aka zo nema.

Na fito na ce, "Malam, ɗauko makulli. Asibiti za mu yanzu."

Tun da nake ban taɓa ce masa Malam ba, amma bai lura ba. Kafin in fito ashe ya tsai da magana, ya zaɓi na wata shida, har ya shafe bonet da ƙofofin gefe ɗaya, sun fara yin fari. Ya dubi motar, ya dube ni.

"Auta, kin ga na riga na shafa. In na fita da ita rana haka zai ƙame, ba zai gogu ba, tabo zai bari. Ba ni rabin awa."

"Ka ga ƙafarta kuwa?"

"Na gani. Ai na ce ta riƙa gasa ta da ruwan ɗumi. Rabin awa kawai, gefe ɗaya ne."

A natse ya faɗa, cikin ladabi, yana naɗe tsumma a yatsunsa. Da ya daka mini tsawa da na san abin da zan yi da shi. Na wuce shi na buga ƙofar maƙwabcinsu mai buga bulo. Mutumin bai tambaye ni komai ba, ya tayar da akori-kurarsa wadda ƙofarta da waya aka ɗaure, ya kaɗe garin siminti daga kujera da hularsa, muka ciccibi Yaya muka sa a gaba. Muna fita ina jin sautin tsumma a kan bonet a bayanmu.

Zan faɗi gaskiya, rabin awar nan ba shi ya ci ƙafar ba. Likita ya ce mako ukun ne. Washegari aka yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Madubi ya riƙa zuwa asibiti kullum, a bas. Ya zauna a bakin gado, ya ce sannu, ya ce Allah ya sa kaffara ce. Masu jinyar gadon kusa suka ce kai, wannan baiwar Allah ta yi dacen miji. Ni kuwa hannunsa nake kallo, farin folish yana maƙale a ƙarƙashin farcensa. Da babban ɗansu ya iso ya tambayi yadda aka yi har abin ya kai haka, sai Yaya ta riga ni magana ta ce, "Ƙaddara ce," ta kuma danne hannuna a ƙarƙashin bargo. Na yi shiru, kuma har yau ina jin haushin shirun nan.

Ranar da aka sallame ta an gama titi, ya yi sumul. Duk da haka mai bulo ne ya dawo da mu, don ni na kira shi, ban ko tambayi kowa ba. Yaya ta sauka da sandunan asibiti biyu, ba ta saba da su ba, ina riƙe da ƙugunta. Hanyar ɗakinta dole ta gefen rumfa take bi. Madubi yana tsaye a gefen motar, ya yaye mata lulluɓi, tana ta sheƙi, baƙin ya yi zurfi kamar ruwan rijiya. Yaya ta tsaya. A jikin ƙofar motar ga hotonta nan tsaf, da sanduna, da zani yana reto a inda babu komai.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, ka iya zaɓe. Wannan folish ɗin ya fi na da kyau. Komai ana gani."

Ta yunƙura za ta wuce, sanda ɗaya ta zame a kan siminti, ta kai hannu ta dafa ƙofar motar da dukan tafinta don kada ta faɗi. Na tallafe ta muka ƙarasa ɗaki, na kwantar da ita, na gyara mata matashi.

Da na juyo zan sauke labule, sai na hango shi tsaye a gaban ƙofar motar. Sawun hannunta yana nan a kan baƙin fentin, yatsu biyar da tafi, da gumin wahala. Ya tsaya yana dubansa har na fara cewa a raina, to, yau dai abin ya taɓa shi. Sai ya waiga wajen ɗakin, bai gan ni ba. Ya zaro tsumma daga aljihu, ya hura wa wurin iskar bakinsa, ya goge a zagaye.